Surukin da Ya Shuka Naman Kaza a Ƙarƙashin Gida

Wani ne a ƙauyenmu, can gindin dutsen Marapi mai aman wuta. Ba zan faɗi sunansa ba, don har gobe yana bin hanyar nan. Ya auri Yusnidar 'yar Inna Dalima, ya naɗe zanensa na salla, ya ɗauki takalmansa ya tare a gidansu, kamar yadda kowannenmu ya yi. Kun dai san matsayin miji a gidan uwar matarsa. Toka ce a kan kututture, iska na busawa ta yi gaba. To shi wannan ko tokar kirki bai kai ba.

Ba mugun mutum ba ne, tsakani da Allah. Hannunsa ne kawai ba ya riƙe arziki. Ya yi kiwon agwagi, suka bi rafi, har yau ba su aiko da gaisuwa ba. Ya haƙa tafkin kifi, kwaɗi suka gode masa. Abu ɗaya ne ba a taɓa kama shi da sakaci a kansa ba, lokacin cin abinci.

Ran nan Inna Dalima ta gaji. Tana zuba masa shinkafa, ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce wa 'yarta ta gaya wa mijinta, ga shi kuwa zaune a gabanta, in ƙaramar Salla ta zo bai sa wani abu na guminsa a tukunyarta ba, zai tarar da takalmansa a kan matakala. Gidajenmu na katako ne a kan ginshiƙai, da matakala ake hawa. Wanda aka ajiye wa takalmi a matakala ai ya gama hawa gidan. Sai kwanan masallaci tare da tuzurai.

Mutumin namu ya shiga neman mafita. Yana son Yusnidar, yana kuma son girkin uwarta, bai ma san wanne ya fi so ba.

Sai ya tafi wurin maƙwabcinsu Bagindo, wanda ya jera gumagumai a bayan gidansa yana noman naman kaza, wannan farin tsiron da ke fitowa a jikin icce kamar kunnuwa. Bagindo ya ji tausayinsa, ya ba shi kwalba guda ta iri, ka ce dusar katako ce ta yi furfura. Ya ce ya sari ɗanyen icen roba, ya huhhuda shi, ya cusa irin a ramukan, ya liƙe da kakin zuma. Ya ce abin yana son icce, yana son inuwa, yana son ruwa, ya fi son haƙuri. Wannan na ƙarshen mutumin bai ji ba, don ya riga ya fara lasar baki.

"In ya yi wata da watanni ya ƙi fitowa," in ji Bagindo, "ka jiƙa gungumen ka ɗan ƙwanƙwasa shi. Sai ya zaci tsawa ce, damina ta sauka, ya farka."

Mutumin namu ya dawo gida ya sari icce, ya huda, ya cusa, ya liƙe. Inuwa kuwa ina ta fi ta ƙarƙashin gida? Ya jera gumagumansa a tsakanin ginshiƙan da ke ɗauke da gidan. Da ya gama sai ya ga saura rabin kwalba. Shi kuma ba ya son ɓarna. Ya waiga, ga ginshiƙan nan tun na zamanin kakar Inna Dalima, ƙwari sun riga sun huhhuda masa su kyauta. Ya ce icce ai icce ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cusawa yana liƙewa, ya juye ragowar a ƙarƙashin matakala.

Daga nan sai ban ruwa, safe da yamma. Kullum da sassafe yana tsugune a ƙarƙashin gida yana leƙen ramuka. Inna Dalima ta hango shi ta tsagar katakon daɓe, ta ce wa 'yarta ta tambaye shi ko gumaguman sun tashi lafiya.

Mako bai cika ba haƙurinsa ya ƙare. Ya tuna da maganar tsawa. Ya yi lissafi irin nasa, ya ce in ɗan ƙwanƙwasawa na tashin abu daga barci, to dukan kawo wuƙa zai tashe shi a guje. Bayan azahar, gari ya yi tsit kowa ya kishingiɗa, ya ɗauko taɓaryar surukarsa ya shiga ƙarƙashin gida. Ya dinga kirɓar gumaguman nan ba ƙaƙƙautawa. Da ya ga hannunsa ya saki, ya haɗa har da ginshiƙan.

Kun san gungumen nan da ke rataye a rumfar 'yan sintiri, wanda ba a yi masa bugun sauri sai gobara ta tashi? To sautin ba shi da maraba da wannan.

Kan ka ce kwabo ƙauye ya taso. Mai bokiti, mai tukunya, mai butar alwala. Suka ga hayaƙi na fita ta madafa, ba wanda ya tsaya tambaya. Aka dinga sheƙa wa gidan ruwa ta taga, ta ƙofa, ta kan rufi. Inna Dalima tana barcin rana, bokitin farko a fuskarta ya sauka. Ruwa ya cika ɗakuna, ya bi tsagar katako yana kwarara ƙasa kamar damina.

Can sai ga mutumin namu ya rarrafo daga ƙarƙashin gida, taɓarya a kafaɗa, bakinsa har kunne.

"Sannunku da aiki, Allah ya bar zumunci," ya ce. "Mai sauran ruwa ya ɗan zuba ta kusurwar can, ita ce ba ta jiƙu ba."

Da ba don liman yana wurin ba, da taɓaryar nan ta yi aiki na biyu. Inna Dalima ta fito tana ɗigar ruwa. Ta ɗauki takalminsa ƙafa ɗaya ta ɗora a kan matakala, ta ce ɗayan yana jiran Salla. Bai isa ya taɓa shi ba. Haka ya yi ta yawo a gari da takalmi wari guda, yana cewa ƙafar ce ke ciwo.

Damina ta sauka, watanni suka shuɗe. Gumagumansa, da duka ya saɓule musu ɓawo, ba abin da suka haifa sai tururuwa. Azumi ya kama, ya raba tsakiya, mutumin har ya fara leƙa masallaci yana duba kusurwar da ba ta yoyo. Ran nan ya shiga ƙarƙashin gida don ya yi wa gumaguman bankwana, ya ɗaga kai, sai ya ga ginshiƙan gidan sun yi fari fat. Naman kaza ne tun daga ƙasa har sama, kunne a kan kunne.

Ya cika kwando ya kai madafa. Bai ce daga ina ba, ba a kuma tambaye shi ba. Inna Dalima ta dafa da madarar kwakwa da barkono da kurkum, aka sha ruwa da shi. Ta ci. Ta ƙara. Sai ta tashi da kanta ta ɗauko takalmin nan daga matakala, ta kakkaɓe shi ta ajiye a gabansa.

"Ɗana," ta ce, "gobe ma akwai?"

Wallahi sai da ya yi ƙwalla. Tun da ya shiga gidan ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, balle ta ce masa ɗa.

Gobe ma akwai, jibi ma akwai. Inna Dalima ta shiga aika wa maƙwabta ɗanɗano, tana cewa dama ita ta san yaron nan akwai albarka a hannunsa. Ana haka wata safiya mutumin ya dafa ginshiƙin da ke ƙarƙashin ɗakinta zai miƙe, babban yatsansa ya nutse a ciki kamar a dafaffen rogo. Ya tafi wurin Bagindo, ya yi ta 'yan kewaye-kewaye, sannan ya tambaye shi wai shi naman kazan nan me yake ci ne yake yin ƙiba haka. Bagindo ya ce icen mana, yana cinye shi har ya zama gari.

"Ko da icen kakanni ne?"

"Ba ya tambayar asali," in ji Bagindo.

Gaba kura, baya sayaki. In ya faɗa, takalmi a matakala. In ya daina kawo kwando, takalmi a matakala. Ya zauna ya yi tunani mai zurfi, irin wanda bai taɓa yi ba a rayuwarsa, sannan ya tashi ya ƙara musu ruwa. Da Yusnidar ta yi ƙorafin cewa duk ƙwan da ta ajiye a ƙasa sai ya gangara ɗakin Inna, ya ce mata Marapi ne ke motsi.

Ranar Salla dangi suka dawo daga birane, gida ya cika maƙil. Har da Kawu Bustami, yayan Inna Dalima, mai gidan abinci a Jakarta, mutumin da ka gan shi ka san ba ya sayar da ragowa. Da safen nan mutumin namu ya tarar ya riga ya tsince ginshiƙan tas, sai ya koma ƙarƙashin matakala. Na can ma sun fi ƙiba, ya cika kwando biyu.

Aka shimfiɗa tabarmi aka zazzauna. Inna Dalima ta zauna a ƙofar ɗakinta da tukunya a gabanta, tana zuba wa mutane tana zuba wa kanta. Ta share kwanonta ta ce wa Yusnidar a ƙaro. Kawu Bustami ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya tambaya a wace kasuwa ake samun wannan.

"Wace kasuwa, Yaya?" in ji ta, tana bubbuga daɓen da tafin hannu. "A nan ƙarƙashinmu ɗana yake noma shi."

Katako ya yi wani ɗan kuka. Mutumin namu ya ajiye loma. Kawu Bustami kuwa ya ja jiki ya matso kusa da tukunya don ya ƙara.

Abin da ginshiƙin ke jira ke nan. Ya durƙushe, daɓe ya buɗe baki, Inna Dalima ta tafi ƙasa ita da tukunyarta da ludayinta. Allah ya taimake ta, taɓon da surukinta ya yi watanni yana ba ruwa ne ya tare ta. Mutane suka yi ƙofa a guje don su ceto ta, Kawu Bustami a gaba. Yana ɗora ƙafa a matakala ta zama gari, ya sauka tsakar gida a zaune. Sauran suka rasa ta inda za su sauka, suka dawo suka kewaye ramin suna leƙe.

Inna Dalima na zaune cikin taɓo, miya a ɗankwalinta. Ga guntun ginshiƙin kakarta a gaban hancinta, ramukansa a liƙe da kakin zuma, 'yan ƙananan kunnuwa farare na leƙowa. Ta juya ta dubi gumaguman surukinta, ƙwal, sai tururuwa. Ta daɗe tana kallo. Da ta buɗe baki, a hankali ta yi magana.

"Yusni, ɗauko takalman mijinki, ƙafa biyun, ki ajiye su a kan matakala."

Mutumin namu ya durƙusa a bakin ramin cikin ladabi, ya sunkuyar da kai.

"A wace matakalar, Inna? Ai ita kika gama ci yanzu, har kika ce a ƙaro."