Yadda Sabitu Ya Sayo Kaka a Intanet

Wani mutum ne a Funtuwa, sunansa Sabitu, amma in kana so ya waiwayo sai ka ce Injiniya. Ba wanda ya san makarantar da ta ba shi wannan suna. Sana'arsa kwaskwarimar gem: ya buɗe cikin wasan kwamfuta, ya cire motar Turawa ya sa a-daidaita-sahu, ya tura wa samari a memori su je su yi ta bugawa. In ka ji shi a majalisa, sai ka rantse shi ya koya wa kwamfuta karatu. Ya ce mutanen Japan sun yi ta nemansa, shi ne ya ƙi zuwa don ba ya cin ɗanyen kifi.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, shagon ƙofar gidansu. Shagon na kakansa ne, marigayi Sarkin Baka Nomau, shugaban mafarauta, mabuɗin kuwa yana ƙugun Gwaggo Kuluwa, babbar 'yar marigayin, wadda magada suka bar wa wuƙa da nama. Sabitu so yake ya buɗe gidan gem a ciki. Ya yi roƙo, ya tura manya, ya kai goro. Gwaggo ta cinye goron tas, ta ce shagon ubanta ba zai zama matattarar 'yan zaman kashe wando ba.

To, ita ma Gwaggo akwai abin da ke cin ranta. Marigayi har ya koma ga Allah bai yarda an ɗauke shi hoto ba. Mai hoton da ya taɓa gwadawa, ko takalminsa bai tsaya ɗauka ba. Yanzu ga tsufa, ga ido ya yi rauni, kamannin uban sun fara ɓace mata, kuma abin yakan sa ta kuka a ɓoye.

Sabitu ya samu labari, ya ce abin nema ya samu.

“Gwaggo, fuskar Kaka tana nan a kaina raɗau. Zan ƙera miki shi a kwamfuta.”

“Kai da kana goye ya rasu?”

“Daga bayan Inna nake leƙensa. Ni tun ina jariri ba na mantuwa.”

Sai ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Akwai kasuwa a intanet inda ake sayar da mutum-mutumin kwamfuta, daga soja har jaki. Nan ya yi ta dubawa har ya ci karo da wani tsoho baƙi, dogo, mai furfura. Kafin a ba shi, sharuɗɗa suka fito da Turanci zuƙu-zuƙu, gogan ya danna “na yarda” ko layin farko bai karanta ba. Ya sa wa tsoho hula da rigar layu, ya ja masa tsage a kumatu, ya rataya masa kwari da baka, ya jefa shi cikin wani gem na farauta.

Ranar da aka kunna wa Gwaggo, ta matso har hancinta na gogar gilashi. Tsoho ya taka ɗagwas-ɗagwas, ya ɗana kibiya, fiu, barewa ta faɗi.

“Hancin kamar ya fi na Baba faɗi,” in ji ta.

“Zafin kwamfuta ne, Gwaggo. Yakan buɗa hanci.”

Gwaggo ta fashe da kuka, ta yi ta shi masa albarka. Ta ce bayan Sallah ya zo ya karɓi mabuɗi. Ta sa aka wanko hoton babba, aka rataye a ɗakinta.

Daga nan bakin Sabitu ya buɗe. Ya ce gashin gemun nan ɗai-ɗai ya dasa shi da hannunsa. Ya ce marigayi da kansa ya zo masa a mafarki ya gyara masa kunnen hagu. Ya zuba gem ɗin a memori ya yi ta sayarwa, har Bakori da Malumfashi ana harbin barewa da Sarkin Baka.

Ana nan, ana nan, Gwaggo ta je suna maƙwabta. Mata cike da falo, talabijin na yi. Sai ga tallar maganin basir. Wani tsoho ya fito da gajeren wando, dafe da bayansa, yana tafiya a tale yana yamutsa fuska. Ya kurɓi magani. Kiɗa ya tashi, tsoho ya hau karkaɗa ƙugu, gwatso na gaba, gwatso na baya.

Can wata ta ce, “Kuluwa, wannan ba Baba ba ne na bangon ɗakinki?”

Ko tuwon suna Gwaggo ba ta tsaya ci ba. Ta iske Sabitu a majalisa yana tsakiyar labari.

“Kai, ya aka yi ubana yake rawa ba riga a talabijin?”

Nan fa wuri ne da mai hankali zai durƙusa ya faɗi gaskiya. Sabitu sai ya miƙe ya zare ido, borin kunya ya hau shi.

“Satar fasaha ce, Gwaggo. Sun yi mini kutse sun sace Kaka. Wallahi sai na kai su kotu, sai sun san sun taɓa Injiniya.”

“To madalla, ga lauya a gida.”

Ta kira 'yarta, Barista Zuwaira. Ita kuwa ta dube shi sheƙeƙe.

“Yaya Sabitu, ka tabbata kai ka ƙera shi?”

“Da wannan hannun. Duba tafina, har kanta ta fito mini.”

Zuwaira ta bi sawu. Mai maganin basir ya ce shi sayen tsohon ya yi a intanet, ya kuma nuna mata wurin wadda ta sayar masa, wata mata a ƙasar Brazil. Aka sa rana za a yi magana da ita ta bidiyo. Dangi suka cika tsakar gida, 'yan majalisa suka cika zaure. Sabitu ya sha babbar riga, ya ce yau Turawa za su ji Turanci. Da matar ta bayyana a waya ta fara magana, sai ya ce maƙogwaronsa na ciwo, Zuwaira ta yi tafinta.

“Gaya mata,” in ji Gwaggo, “ubana ne suka sa a rawa.”

Zuwaira ta faɗa, ta saurara, ta juyo. “Mama, ta ce a'a, ubanta ne.”

“Ubanta a gidan wa?”

“Ta ce shi ta tsayar ta ɗauki siffarsa da na'ura, da yardarsa. Mutum ya fi dubu da suka saye shi. A wani gem direban jirgi ne, a wani mai sayar da kifi.”

Sabitu ya gyara babbar rigarsa. Ya ce, “To ko da saya na yi, misali nake bayarwa, ai abin da mutum ya saya nasa ne.”

“Izinin amfani ka saya, Yaya, kamar kujerun hayar biki. Ka zauna a kai, amma ba ka sayar wa wani, ba ka kuma cewa kai ne kafinta. Ta ce ga sunanka cikin masu saye. Tana kuma tambaya, wa ya ba ka izinin yi wa ubanta tsage, har kana tallarsa a memori?”

Sai matar ta juya ta yi kira. Labule ya motsa. Ga tsoho nan ya fito da ransa da lafiyarsa, da singileti, yana gatsar kankana. Ya leƙo cikin waya, ya washe baki, ya ɗaga wa jama'a hannu.

Wata tsohuwa ta saki salati ta yi bayan rumbu. 'Yan majalisa suka kwanta a zaure suna riƙe ciki. Gwaggo dai ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon tsohon, ranta a ɓace, don yau ta sake rasa fuskar ubanta. Ta shiga ɗaki ta ciro hoton daga bango, ta dire shi a cinyar Sabitu.

Shi kuwa mara kunya, murya can ƙasa, ya ce, “Gwaggo, to maganar mabuɗin fa?”

Ta nuna masa waya da baki, inda tsoho ke tofar da 'ya'yan kankana.

“Shagon nan na jikokin Nomau ne. Kai ga naka kakan can, garau da shi. Ka yi haƙuri ya mutu tukuna, ba a cin gadon mai rai.”