Itacen Gidan Burodina

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na yi wa matan unguwarmu wa'azin itace a Shagari ba.

An kira taro a ƙofar gidan mai unguwa kan sauyin yanayi: zafi ya ƙaru, damina ta rikice, daji ya zama fili. Da yake na taɓa zuwa bita Sakkwato (wuni ɗaya ce, amma na dawo ina jin kaina masani), ni aka ba lasifika. Na kawo shawarar a hana masu tuya a bakin hanya hura wutar itace. Har da nuna Inna Hajo da yatsa, tsohuwar da ke riƙon jikokinta marayu da tuyar masa.

"Irin murhunku ne ke cinye muna daji!" na ce. Aka tafa. Ita kuwa ta sunkuyar da kai.

Abin da ban faɗa ba shi ne ina da gidan burodi, kuma tanderuna ba da addu'a yake zafi ba. Wani mai amalanke daga Dandin Mahe ke kawo mini itace. Saboda rashin yarda irin tawa, na taɓa gindaya masa sharaɗi: kada ya sauke kaya sai na gani da idona, ko ina nake ya neme ni.

Bawan Allah ya cika alkawari. Ina tsakiyar bayanin kwararowar hamada sai ga shanu sun kutso, amalanke maƙare da itace, wani ma da ɗanyen ganyensa.

"Alhaji, ga kayanka na kawo! Duba da kyau, wanga karon manya na sassaro maka."

(Lasifikar tana hannuna, na rasa aljihun da zai ɗauke ta.)

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo. Inna Hajo ta ɗago, ta dubi amalanken, ta dube ni.

"Ɗana, in an hana ni, kai za a ƙara ma itacena?"

Mai unguwa ya yi gyaran murya. "To, Alhaji, mi kac ce?"

"Ranka shi daɗe, a bar Inna da murhunta. A fara da ni."

Haka aka yi. Na sa aka gyara tanderun ya rage ci, na daina karɓar ɗanyen itace, na dasa itatuwan dogon yaro a bayan shago, ina yi musu ban ruwa da kaina. Maganar da na yi a taron gaskiya ce, daji yana ƙarewa. Sai dai na ɗora kayan ragi a kan wadda ba ta da abin ragewa, don ita ce ba za ta iya musu da ni ba.

Inna Hajo na nan tana tuyarta. In na zo wucewa takan ce, "Malamin daji, a zuba maka?" In tsaya in saya. Yanzu kafin in ce wa wani ya rage wuta, sai na waiwaya na ga ko akwai amalanke a bayana.