Kofin Bara

Farkon kakar ƙwallon bana na taso daga aiki a tashar jiragen ruwa, na biya shagon shayin Ammu Bashir a unguwar Nuzla, na tarar ƙungiyarmu na wasa a talabijin. Ko zama ban yi ba na fara sharhi.

"Ku dubi 'yan bayan nan," na ce. "Sabon koci ya koya musu ladabi. Da bara ce da tuni mun sha jan kati. Bana kofi namu ne, halas, magana ta ƙare."

Kowa ya bar talabijin ya zuba mini ido. Na ɗauka ilimi ne ke shigarsu. Har wani ɗan wasanmu da aka sayar a ƙarshen bara na hango, na bayyana musu hikimar dawo da shi.

Ammu Bashir ya ce, "Ya waladi, ɗana, ka ga mai lamba huɗun can namu? Yanzu za a kore shi."

Aka kuwa kore shi. Na tambaye shi yadda ya sani.

"Wasan bara ne ake maimaitawa."

Har yau in na shigo sai a jawo mini kujera: "Yalla, zo zauna Koci, wa kake ganin zai ci kofin bara?"