Amanar da Na Damƙa wa Na'ura

Tun da 'yata Hauwa'u ta tafi jami'a, sai da hutu nake ganinta, don hanyar dajinmu ba kullum take biyuwa ba. Hutun bara ta ce ta shiga wani aikin gayya a intanet, suna gina manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa abin da kwamfuta ke ganewa. Ta nuna mini shafin. Duk gyaran da ta tura, akwai mai duba shi nan take, ya nuna mata kuskurenta, ba ya gajiya.

Na ce lallai wannan bawan Allah shi ne malaminta. Mu kuwa ba a kai yaro koyon sana'a ba a gaida ubangidansa ba. Da ta tafi Kuyello duba kakarta, ta bar kwamfutar a buɗe, sai na gyara zama na zubo wa malamin Turancina na sakandare a shafin. Na tambayi iyalinsa, na sa masa albarka, na ce ga amana nan, ya riƙa tuna mata cin abinci.

Tana dawowa ta dafe kai. "Umma, na'ura ce fa! Kuma da sunana! Kowa ya karanta, korata za su yi!"

Ba su kore ta ba. Abokan aikin nata ne ma suka koma tambayarta ko ta ci abinci.

Har yau in ta kira sai ta ce, "Umma, malam yana gaishe ki." Ni kuwa sai in tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, don kada ta yi saurin kashe wayar.