Maraƙin da Ba a Haifa Ba

Jama'a, jiya na ga ikon Allah a kara, wato kasuwar shanu, ni da nake taƙamar na tsufa a fawa.

Kun san manyanmu, Allah ya ƙara wa hulunansu tsawo, sun je bita sun dawo mana da tsari. Sun kafa ƙaton allo a bakin kasuwar shanu, an zana akwatuna da kibiyoyi: dabba ta shiga, likita ya duba, a yi ciniki, ta fita. Abin da ya shiga kaɗai ke fita. Sabon salo, kiran salla da usur. Na yaba wallahi, har shanun sun tsaya kallo.

To, maƙwabcina Sufyanu ya sayi saniya mai tsohon ciki hannun wani mutumin Faru, don matarsa Taiba ta riƙa samun nono. Ana wata ga wata: tsakanin akwatin ciniki da akwatin fita, saniya ta durƙusa ta haihu. Ko izini ba ta nema ba.

Na kora uwar, Sufyanu ya rungumi maraƙi, sai mai gadin ƙofa ya tare mu. Bayan doguwar gaisuwa ya ce uwa ta wuce, amma ɗan bai shigo ba, balle ya fita.

Muka garzaya wurin mai zanen, mai girma Sarkin Kibiyoyi. Ya bi allo da sanda, sama da ƙasa, har gumi ya keto masa.

"Wagga haihuwa ba ta cikin tsari," in ji shi.

Na ce ranka ya daɗe, a idonmu aka yi, ga jaririn nan ko bushewa bai yi ba. Ya ce ido daban, tsari daban, sai Kwamitin Abubuwan Ba-zata ya zauna. Yaushe? Bayan girbi, don su ba sa zaman ba-zata.

Sufyanu ya ba ni tausayi. In ya tafi da uwar, yunwa ta kashe ɗan. Dole ya bar su duka a kara, Taiba na gida da ƙwarya tana jira.

Yau da safe na gamu da shi a babur, da damin harawa zai kai musu. Ya ce in maraƙin ya zama bijimi kafin kwamiti ya zauna, in saya in yanka a can ciki, kowa ya huta.

Na ce maƙwabci, rufa mini asiri. Na daɗe ina riƙe da wuƙa, amma ban taɓa yanka abin da ba a haifa ba.