Kunun Kokwamba

Maƙwabciyata 'yar Gabon ce ta koya min haɗa kokwamba da yogot, a shafa a burodi. Ta ce a goga, a matse ruwan. Na ce a raina, ni 'yar Maraɗi da na tashi a gindin turmi za a koya wa girki?

Ranar da abokan maigida direbobi suka zo, na kirɓa kokwambar a turmi kamar sakwara. Na zuba yogot, na kwarara a burodi, burodin ya narke a faranti.

Babbansu ya ce, "Hajiya, ci za mu yi ko sha?" Maigida ya tashi shiru ya kawo ludayi.

Har yau in na bi ta Port Môle sai wani ya leƙo ta taga: "Hajiya, kunun kokwamba ya sauka?"