Ranar da Na Nuna wa Surukina Kansa a Talabijin

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Kabo ba za su bar ni ba.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gwarzo. Na yi wani ɗan kwas na kwamfuta na wata uku a Kano, na dawo ina jin kaina kamar ni na ƙera ta. Rayuwa ta yi tsada, albashi sai ya ga dama yake zuwa, gidajen kallo kuma tun zuwan Shari'a duk mai neman aure ba ya so a gan shi a ƙofarsu. Sai na sayi wata 'yar ƙaramar kwamfutar tebur ta gwanjo, girmanta bai wuce kwalin takalmi ba, na jona ta da talabijin ɗin ɗakina. Na zuba mata komai: karatun Alƙur'ani, wa'azi, finafinai, ƙwallo. Abokai suka mai da ɗakina majalisa, suka sa mini suna Injiniya. (Ban taɓa hana su ba.)

Yarinyar da nake nema sunanta Rabi, 'yar Alhaji Ado mai sayar da hatsi a Kabo. Mutum ne mai kwarjini da ɗan tumbi. Kafin ya yi magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya shafa gemu, ya ce, "To, to, to." Tsoronsa nake ji ƙwarai. Don haka wata rana da ba kowa a ɗaki, na kunna kyamarar kwamfutar don in gwada yadda zan gaishe shi. Da farko abin na gaske ne. Daga baya shaiɗan ya shigo. Na naɗa tawul a ka, na cusa matashin kai a cikin riga, na zama Alhaji. Ni ke tambaya, ni ke ba da amsa. Na kalla, na yi dariya har da hawaye, na adana ɓangaren kwaikwayon a wata jaka ta cikin kwamfutar da na sa wa suna "Alhaji", na manta.

Bayan wata biyu Alhaji ya dawo daga aikin Hajji da ƙatuwar talabijin mai faɗi da hotunan tafiya a filashi, amma aka rasa mai sa su fito. Rabi ta kira ni a waya ta ce, "Na gaya wa Baba kai za ka iya. Don Allah kada ka ba ni kunya."

Na ce, "Wannan ai aikin minti biyar ne."

Ranar Asabar na ɗaure kwamfutar a bayan babur na nufi Kabo. Bayan La'asar falon Alhaji ya cika da 'yan barka da sauka: limamin unguwa, ƙannen Alhaji biyu, wasu dattawa daga Dugabau. Mata kuma suna bayan labule, Hajiya matar Alhaji da Rabi a gaba. Na durƙusa na gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, sannan na fara aiki, ina bayanin da ba wanda ya tambaye ni.

"Wannan shuɗiyar wayar ta hoto ce, Baba. Wannan siririyar kuma ta sauti ce, ita ke zuwa sifika. Kowacce da aikinta."

Alhaji ya yi gyaran murya sau biyu. "To, to, to."

Na kwashe hotunan daga filashi. Ina neman inda zan zuba su sai na ga jaka mai suna "Alhaji". Na ce a raina, kai, dubi yadda nake da tsari, har na tanadi wuri. Na zuba su ciki, na saita injin ya riƙa nuna komai bi da bi, na koma gefe na harɗe ƙafa, aka miƙo mini dabino da zamzam.

Ka'aba ta fito, aka yi kabbara. Ga Alhaji a Arfa da lema, ga shi a Madina. Liman ya dube ni ya ce, "Allah Ya yi wa wannan yaro albarka." Kaina ya ƙara girma.

Sai allon ya yi baƙi, ya sake haske. Ga wani mutum da tawul a ka da ciki kamar tulu, ya cika talabijin ɗin. Ya yi gyaran murya sau biyu. Ya shafa gemun da babu.

"To, to, to. Kai yaro, ita kwamfutar nan cin ta ake yi? Buhu nawa take nomawa?"

Sai mutumin ya cire tawul, ya koma ni sak. "Haba Alhaji, ka kwantar da tumbinka. Rabi ta riga ta gama magana."

Na yar da dabinon. Na yi tsalle na cafki maus don in tsayar da bidiyon, ya zame ya faɗa ƙarƙashin kujera. Na yi bayan talabijin na fizge wayar da hannuna ya fara taɓawa. Shuɗiyar ce. Hoto ya ɗauke, amma muryata ta ci gaba da fita daga sifika tangararau, tana kwaikwayon yadda Alhaji ke minshari bayan cin tuwo. (Ban taɓa jin minsharinsa ba. Ƙirƙira na yi.)

Minsharin ya cika falon. Liman ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Daga bayan labule Hajiya ta kasa daurewa, ta ce, "Wallahi haka yake yi!"

Shi ke nan, kowa ya fashe, har dattawan Dugabau. Ni kuwa ina tsugune da waya a hannu, ina tunanin ta wace ƙofa ake fita daga Kabo gaba ɗaya.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam Injiniya, mai da hoton."

"Baba, don Allah a yi haƙuri..."

"Na ce mai da shi. Daga farko. Ban ga shigowata da kyau ba."

Da hannuna na mai da wayar, da hannuna na kunna. Minti shida ne, amma na tsufa a cikinsu. Da ya ƙare, Alhaji ya dube ni, ya buɗe baki zai yi gyaran murya, sai ya fasa, don kowa shi yake jira. A nan ne dariya ta ƙwace masa.

Ya ce, "Cikin ya yi yawa. Sauran kuwa ka yi ƙoƙari. Turo manyanka, gara in riƙe ka kusa inda zan riƙa ganin abin da kake yi."

Rabi ta yi sati biyu ba ta ɗaga wayata ba. An dai ɗaura auren bayan girbi, kuma har yau in na je gaisuwa ƙannenta sai su ce, "Ga Alhaji Ƙarami ya iso."

Abin da na koya shi ne: kafin ka jona kwamfuta da talabijin a gaban jama'a, ka buɗe jakar ka ga abin da ke ciki. In kuma ta riga ta ɓaci, wayar wuta ake zarewa.